Baba Fasto, ta yaya zan daina yanke shawara cikin garaje, in kuma gane ko Allah ne ke magana?

Tambayar da ɗan'uwanmu ya turo doguwa ce, bari in taƙaita ta yadda kowa zai bi. Yace shekararsa 29, yana da mata da ɗa ɗaya, yana aiki a Kaduna, kuma tun tasowarsa abu na faɗo masa a rai yake aikatawa. Ya taɓa ajiye aiki rana ɗaya don oga ya yi masa tsawa gaban mutane, ya taɓa zuba kuɗin haya a wata harkar ninka kuɗi ta intanet suka bi ruwa, ga saƙonnin da yake turawa cikin fushi da dare gari ya waye yana jin kunyar kansa. Yanzu kuma a wani taron addu'ar dare wani bawan Allah ya ɗora masa hannu yace ƙofarsa ta buɗe, ya sayar da filin da babansa ya bari ya shiga wata harka kafin ƙarshen wata, in ya yi jinkiri albarkar zata koma kan wani. Yace zuciyarsa ta amsa sosai, amma fa haka ta amsa a sauran lokutan ma. Shine yake tambaya yadda zai rabu da wannan hali, da yadda zai bambance muryar Allah da tasa gaggawar.

Ɗana, gajeriyar amsa tukuna kar in cika ka da wa'azi ka rasa abin yi: kar ka sayar da filin nan a wannan watan. Ban ce kar ka sayar har abada ba, ban kuma yanke wa bawan Allahn nan hukunci ba, abinda nake cewa shine wa'adin da aka ɗora maka shi kaɗai ya isa dalilin tsayawa. Kuma a duk wasiƙarka inda ya fi min daraja shine inda kace zuciyarka haka ta amsa a sauran lokutan ma, don yawancin masu zuwa wurina bayan ɓarna ta auku, har a lokacin rantsuwa suke yi wai wancan karon daban ne.

Mutane na cewa haka Allah ya halicce ni, jinina ne mai zafi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, Bitrus da Toma ba halinsu ɗaya ba. Amma in ka zauna da Littafi Mai Tsarki ka bi mutanen da garaje ya kayar ɗaya bayan ɗaya zaka ga kowanne akwai abinda ke ingiza shi daga baya. Isuwa yunwa ce. A Farawa 25 ya dawo daga jeji a gajiye ya tarar Yakubu na dafa fate, yace ai ni ina bakin mutuwa, me matsayin ɗan fari zai tsinana min. Toh mutumin da ya tako da ƙafarsa har gida yana ciniki da bakinsa ai ba bakin mutuwa yake ba, amma haka yunwa take, sai ta sa ka ga kamar in baka samu yanzu-yanzu ba duniya ta ƙare. Aya ta 34 tana ba ni tsoro duk sanda na karanta, ya ci, ya sha, ya tashi, ya yi tafiyarsa. Ba a yi tsawa ba ƙasa bata girgiza ba, ranar kamar kowace rana. Hawayen sai can daga baya, kuma Ibraniyawa 12 tace basu juya komai ba.

Saul kuma tsoro ne. 1 Sama'ila 13, Filistiyawa sun kafa sansani a Mikmash, mutanensa sai zamewa suke suna ɓuya a koguna da ramuka, ga Sama'ila yace a jira shi kwana 7 a Gilgal. Kuma ya jira fa, abin tausayin kenan, ya jira har kwanakin suka cika, sai ya ga jama'a na watsewa yace a kawo masa hadayar ya miƙa da kansa. Yana gamawa sai ga Sama'ila ya iso. Ɗan abinda ya rage kaɗan ne. Dawuda shi cin mutunci ne ya taso shi, Nabal ya zage shi ya kira shi kamar bawan da ya gudu daga ubangidansa, nan take yace kowa ya rataya takobi, mutum wajen 400 suka bi shi don a je a shafe gida guda saboda baƙar magana. Hirudus kuwa kunyar idon baƙi ce, ya riga ya yi rantsuwa a gaban manyan gari, Markus 6 tace ransa ya ɓaci ƙwarai amma ya kasa janyewa, aka fille kan Yahaya Mai Baftisma.

Kai ka duba naka. Ajiye aikin nan irin na Dawuda ne, an taɓa ka gaban mutane. Maganar filin kuwa, in ban yi kuskuren karanta ka ba, tsoro ne ke ƙarƙashinta ba bangaskiya ba, tsoron ka kusa 30 sa'o'inka wani ya sayi mota wani ya fita waje wani ya tare a gidansa, kai kana nan kana lissafin albashi bai kai ƙarshen wata ba, sai ga wani yazo da sunan Allah ya taɓa daidai wurin da ke maka ciwo. Ba laifi bane jin wannan tsoron, amma ka kira shi da sunansa a gaban Allah, kace Ubangiji ina tsoron a wuce a bar ni. Addu'ar da ta fara da gaskiya irin wannan ta fi dogon azumin da mutum ya shiga yana neman a buga masa hatimi kan abinda ya riga ya yanke.

Jiki ma yana da hannu a ciki, kar mu mai da komai aljani. Idan mutum ya fusata ko ya tsorata jiki na sakin sinadarai irin su adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce, hankali ya tattaru kan abu ɗaya tak, kuma sashen ƙwaƙwalwa na wajen goshi wanda aikinsa auna abinda zai biyo baya da taka wa mutum burki, ƙarfinsa na raguwa a lokacin. Allah ya yi mu haka da hikima, don in maciji ya faɗo daga rufi ba lokacin kiran taron shawara bane. Matsalar ita ce jiki bai san bambancin maciji da tsawar oga ba. Rashin barci da yunwa da giya da ƙwayoyi irin su tramadol duk suna ƙara raunana burkin. Ka tuna Iliya a 1 Sarakuna 19, ya gudu daga Yezebel ya zauna gindin itace yace ya isa haka Ubangiji ka ɗauki raina. Allah bai fara da yi masa wa'azi ba, aka bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci, maganar sai daga baya a Horeb. Toh kai yaushe aka faɗa maka maganar filin? Tsakar dare, ƙila kana azumi, baka runtsa ba, ganga na tashi, kowa na kuka, hannu a kanka. Ni ina zuwa addu'ar dare kuma ina ganin amfaninta, amma abinda aka ji da ƙarfe 3 na dare sai an sake duba shi da ƙarfe 10 na safe bayan an yi barci an karya.

Mu zo kan wa'adin. Akwai labari a Joshuwa 9 da nake so kowane matashi Kirista ya haddace. Gibeyonawa maƙwabta ne na kusa, suka ji abinda ya sami Yariko da Ai, sai suka ɗauko tsofaffin buhuna, salkunan ruwan inabi da suka yayyage aka ɗinke, takalma masu faci, tsummokaran riguna, da gurasa busasshiya wadda ta yi fumfuna, suka zo wurin Joshuwa suka ce daga ƙasa mai nisa muke, ku duba gurasar nan da zafinta muka ɗauko daga gida. Aya ta 14 tace mutanen Isra'ila suka ɗauki guzurin suka duba, amma basu nemi shawarar Ubangiji ba. Lura da kyau, ba wai basu yi bincike bane, sun yi, sai dai shaidar da mayaudarin ya kawo da hannunsa suka bincika. Bayan kwana 3 kacal gaskiya ta fito, amma an riga an rantse, kuma rantsuwar nan ta bi su har zamanin Dawuda, 2 Sama'ila 21 ta nuna an yi yunwa shekara 3 saboda Saul ya karya ta. Gurasa mai fumfuna ta zamaninmu ita ce hoton alat da ake turo maka a WhatsApp, da ɗan'uwan da ya tashi a coci ya ba da shaida an biya shi, da takardar rajista mai tambari. Duk daga hannun mai neman kuɗinka suka fito.

Mun ga wannan da idonmu. MMM, wata harkar ninka kuɗi ta intanet, ta yi alkawarin riba kashi 30 cikin 100 a wata, a watan Disamba na 2016 ta rufe asusun mutane ana shirin Kirsimati, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shiga ɗan'uwa ne a ikilisiya ya jawo su, wasu har ushiri suka fitar daga ribar farko suna godiya ga Allah. A Afrilun 2025 CBEX ta sake yin irinta da wasu sabbin mutane, wasu ma tsofaffin ne. Ka ɗauki biro ka lissafa, kashi 30 a wata in ana juya shi, naira 100,000 zata haura miliyan 2 da dubu 300 a shekara ɗaya, wace sana'a ce a Kasuwar Barci ko Kantin Kwari take haihuwa haka? Kuma a sani, rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, shaida ce kawai cewa akwai kamfani mai wannan suna, ba izinin karɓar kuɗin jama'a a juya bane, wannan hurumin SEC ne, hukumar kula da harkar zuba jari. Karin Magana 14:15 tace marar wayo yana gaskata kowace magana amma mai hankali yana duba takunsa, 13:11 tace dukiyar da aka tara da kaɗan-kaɗan ita ke ƙaruwa, 28:20 kuma tace mai gaggawar yin arziki bazai kuɓuta ba. Duk mai matsa maka da yau ne kawai, saura mutum biyu, gobe farashi zai tashi, ya san in ka samu kwana 3 irin na Joshuwa zaka gano inda garinsu yake.

Amma abinda ya fi damuna a matsayina na mai kiwon tumaki ba 'yan damfara bane, gaggawar da ta sa rigar ibada ce, don ita bata jin magana. Mai fushi in ya huce yana iya cewa na yi wauta. Wanda yace Allah ne ya faɗa min kuwa ya rufe bakin matarsa da dattawa da fasto gaba ɗaya, wa zai yi gardama da Allah? Ka lura garajen Saul hadaya ce ya miƙa, har yana cewa bai roƙi tagomashin Ubangiji ba shi ya sa ya tilasta wa kansa. Ka lura kuma sanda Shaiɗan ya kai Yesu kan tsororuwar Haikali yace ya diro, aya ya jawo masa daga Zabura 91, wato ka yi tsalle ka nuna bangaskiyarka, Yesu yace kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Sayar da abin dogaron iyali ba lissafi ana cewa Allah zai tare, da yawa irin wannan tsallen ne. Sannan akwai Shemaiya a Nehemiya 6, yazo da annabci, mu gudu mu shiga Haikali mu rufe ƙofa, da daren nan zasu zo su kashe ka. Nehemiya ya tsaya ya auna, ya gane ba Allah ne ya aiko shi ba, maƙiyansa Tobiya da Sanballat ne suka biya shi don ya tsorata shi ya yi zunubi. Annabcin na da wa'adi, yana da tsoratarwa, kuma akwai wanda zai ci riba a bayansa.

Ni ban ce babu annabci ba, kar wani ya juya min magana. 1 Tasalonikawa 5 tace kada a danne Ruhu, kada a raina annabci, amma a wuri ɗaya ta ƙara da cewa a gwada komai a riƙe mai kyau. 1 Korantiyawa 14:29 tace annabawa biyu ko uku su yi magana sauran su auna. 1 Yahaya 4:1 tace kar a gaskata kowane ruhu. Kaga gwadawa ba rashin bangaskiya bane, umarni ne. A Antakiya, Ayyukan Manzanni 13, Ruhu Mai Tsarki ya yi magana a fili cewa a keɓe Barnaba da Shawulu, duk da haka sai da suka ƙara yin azumi da addu'a kafin su ɗora musu hannu su sallame su, kuma shugabannin ikilisiya suna tare, ba a lungu aka ja mutum ɗaya ba. Gidiyon ya roƙi alama ya sake roƙo Allah bai ce albarkarka ta koma kan wani ba. Allahn da ya yi haƙuri da Gidiyon bazai ƙwace maka rabo don ka ce bari in yi shawara da uwar ɗana ba.

Ma'aunin da nake ba mutane yana Yakubu 3:17, hikimar da ke daga sama da fari tsattsarka ce, mai salama, mai sauƙin kai, mai saurarawa, cike da jinƙai, ba munafunci. Ka ɗora maganar da aka faɗa maka a kai. Tana yarda a yi mata tambaya ko da ka tambaya sai a ce kana shakkar shafaffe? Za a iya maimaita ta da rana tsaka a gaban dattawan ikilisiyarku? An ce maka kar ka faɗa wa kowa don kar maƙiya su ji? Shi bawan Allahn, ko wani nasa, yana da hannu a harkar ko a cinikin filin ko yana jiran iri da zaka shuka daga kuɗin? Wannan ta ƙarshen ka binciko ta da gaske, ba rashin ladabi bane.

Wani zai ce ai ina da salama a zuciyata. Ni ina taka-tsantsan da wannan magana sosai. Yunusa yana gudun Allah ya shiga can cikin jirgi ya yi barci mai nauyi ana hadari, Yesu kuwa yana tsakiyar nufin Uba a Getsamani yana cikin matsananciyar wahala. Sau da yawa abinda muke kira salama sauƙin da mutum ke ji ne don ya huta da tunani, ya yanke ya wuce wurin. Kai da bakinka kace zuciyarka ta amsa a can baya ma, toh a yanzu amsawarta ba hujja bace.

Me zaka yi kenan a aikace? Ba a fafe gora ranar tafiya, mai zafin zuciya baya cin nasara da alkawarin zan yi haƙuri in abin yazo, sai dai ya kafa wa kansa doka tun yana cikin sanyi. A shekara ta 390 a birnin Tasalonika, wannan dai da Bulus ya rubuta wa wasiƙa, jama'a suka yi bore suka kashe wani babban kwamandan soja, Sarkin Rum Tiyodosiyus wanda Kirista ne ya fusata, sojoji suka karkashe dubban mutane masu laifi da marasa laifi. Bishop Ambros na Milan ya hana shi Jibin Ubangiji sai da ya tuba a fili, kuma masu tarihin ikilisiya na da sun haɗa wannan labari da wata doka ta sarkin, cewa hukunci mai tsanani sai ya kwana 30 kafin a zartar. Abinda ke burge ni shine ba a tsaya ga hawayen tuba ba, an sa kwanaki tsakanin fushin sarki da takobi. Haka Ignatiyus na Loyola, ɗan Sifen da ya kafa ƙungiyar Jesuit a ƙarni na 16, ya koyar cewa lokacin da ranka ke cikin duhu da damuwa kar ka canza shawarar da ka yanke lokacin da kake cikin haske. Mu da ba Katolika ba ma mu karɓi wannan hannu biyu, gaskiya ce.

Naka dokokin ba sai sun yi yawa ba. Saƙon fushi, rubuta shi a takarda ko ka tura wa kanka, kar ka sa lambar mutumin a sama ma, ka kwana, ka karya, ka yi addu'a, sannan ka karanta shi da ƙarfi kamar a gaban mutumin kake, mafi yawa da kanka zaka yaga. Magana zarar bunu ce, ballantana ta waya da ake ajiyewa a nuna wa dangi bayan shekara. Kuɗi kuma ku zauna da matarka ku yanka adadi, duk abinda ya haura shi baya fita sai ta sani kuma ya kwana. Sai ka raba shawarwari gida biyu, waɗanda in sun ɓaci ana gyarawa da waɗanda ba a dawowa. Na farkon ka yanke da wuri ka wuce, ba sai ka yi azumi kan kalar fenti ba. Na biyun su ne sayar da fili, ajiye aiki, tura mace gidansu, tsaya wa wani a bashi, rantsuwa ko wa'adi ga Allah, barin ikilisiya cikin fushi, waɗannan ka basu wata guda cur. Kuma ka haddace jimla ɗaya har ta zauna a bakinka, bari in yi addu'a in yi shawara da iyalina zan kira ka ranar kaza. Mai gaskiya zai ce ba komai. Wanda ransa ya ɓaci don wannan jimlar ya riga ya ba ka amsa.

Cikin watan nan ba zama kawai zaka yi ba. Yesu yace a Luka 14 mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Ka rubuta a takarda nawa zai shiga, yaushe zai fara dawowa, wa ka sani da idonka da ya yi shekara 3 a wannan harka yana ci daga ita, sannan tambayar da masu zumuɗi basa so, in ya lalace gaba ɗaya me zamu ci, ina zamu kwana, wa zai biya kuɗin makarantar yaro.

Shawara kuma akwai ta gaske akwai ta bogi. Sarki Rehobowam a 1 Sarakuna 12, da jama'a suka roƙe shi ya sassauta musu, ya nemi kwana 3, ya tambayi dattawa, a ido ya yi duk abinda littafi yace, amma da amsarsu bata masa daɗi ba sai ya koma wurin samarin da suka tashi tare suka faɗa masa abinda kunnensa ke so, kabila 10 suka ɓalle. In kana yawo daga mutum zuwa mutum har sai ka sami mai cewa eh, ba shawara kake nema ba. Ka nemi wanda zai iya ce maka a'a bai ji kunyarka ba, wanda ba shi da ko kwabo a ciki, da wanda ya san harkar. Na ƙarshen nan ba lallai fasto bane, ni zan iya auna maka annabci da Nassi amma farashin fili da takardunsa sai lauya da wanda ya san ƙasa.

Ban ga inda ka ambaci ra'ayin matarka a wasiƙar ba, kuma wannan ya tsaya min a rai. Koma 1 Sama'ila 25 ka ga wa ya tsayar da Dawuda. Abigail ce, matar Nabal, ta ɗora gurasa 200 da tumaki 5 gyararru da soyayyen hatsi da zabibi da ɓaure a kan jakuna ta tare shi a hanya, ta rusuna, bata ce masa bashi da hujjar fushi ba, sai ta ɗauke idonsa daga yau ta kai shi gaba, tace ranar da Ubangiji ya naɗa ka sarki kar ya zama kana da nauyin jinin banza a zuciyarka. Dawuda da takobi a ɗamara gaban mutanensa 400 ya saurari mace ya juya, har ya sa wa hankalinta albarka. Ita kuma da ta koma gida ta tarar mijinta ya bugu bata ce masa uffan ba sai da gari ya waye. Na sha ganin magidanta da Allah ya ajiye musu irin wannan mace a ɗaki suna tsallake ta suna zuwa neman kalma a dutse, don kawai sun san zata ce a dakata. Kuɗin hayar da suka tafi ita ma ta sha wahalarsu, tana da haƙƙin magana.

Kar kuma ka ɗauka hikima ita ce jan ƙafa. Abigail ɗin nan da sauri ta tashi, da ta tsaya kwana 3 tana addu'a da an gama da gidan. Yusufu bai tsaya shawara da matar Fotifar ba, ya bar riga ya ruga. Matiyu 5 tace in ka tuna ɗan'uwanka na da wata magana da kai ka bar baikonka a gaban bagade ka je ku shirya tukuna. Gudun zunubi, tuba, neman gafara, taimakon wanda ke cikin haɗari, waɗannan da gudu ake yinsu, mu kuma mun juya abin, muna saurin sayar da gado muna jan ƙafa wajen cewa yi haƙuri. Nehemiya ya ji labarin Urushalima a watan Kisle bai buɗe baki gaban sarki ba sai watan Nisan, wajen wata 4 yana addu'a yana shiri, da sarki ya tambaye shi har wasiƙu da katako ya san zai roƙa, ya isa ya kwana 3 ya zaga garun da dare bai faɗa wa kowa ba, amma da aka fara aiki kwana 52 aka gama.

Abu ɗaya da bazan ɓoye maka ba. In ka ga akwai lokutan da kake kwanaki baka barci kuma baka jin gajiya, tunani na gudu, kana kashe kuɗi ba kai, kana jin kai na musamman ne, daga baya ka faɗi cikin baƙin ciki mai nauyi, ko tun kana yaro baka iya zama ka gama abu, ko caca ta waya ko ƙwaya ta kama ka, toh ka haɗa addu'a da ganin likita. Kana Kaduna, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa, zuwa can ba hauka bane kuma ba ƙaramar bangaskiya bace, akwai irin garajen da magani ke taimakawa ƙwarai.

Halin kansa a hankali yake canzawa. Kamun kai 'ya'yan Ruhu ne a Galatiyawa 5, Ibraniyawa 5:14 kuma tace ta wurin yawan aikatawa ne hankali ke horuwa ya rarrabe nagarta da mugunta. Kafin ka kwanta kowane dare ka ɗan waiwayi yinin a gaban Allah, ina ne jinina ya hau, me ya taso shi, me na yi, kuma ka roƙi hikima yadda Yakubu 1:5 tace, Allah na bayarwa baya gori. Waɗanda saƙonninka suka ɓata wa rai ka je da ƙafarka ka basu haƙuri, kar ka tura wani saƙon.

Game da filin, ka faɗa wa matarka komai yau ɗin nan har da abinda bawan Allahn yace, ka kai maganar gaban faston ikilisiyarku da dattijo ɗaya, kar ka karɓi ko sisin kafin alƙalami daga mai saye, kar kuma takardun su bar hannunka da sunan za a duba. Sannan ka sake rubuto min ka faɗa min filin nan an raba gado ya zama naka kai kaɗai ne, ko mahaifiyarku da ƙannenka suna da haƙƙi a ciki, don in na gida ne ba kai kaɗai ke da ikon sayarwa ba ko da wata ya cika. Ka gaida maiɗakinka da yaron.